Jirgin Inna Mai Farfela Biyu

Mahaifiyata ta sama ta shigo Abidjan. Duk wanda ya tashi a kur ɗinmu na Treichville, wato irin gidan hayar nan mai ɗakuna kewaye da tsakar gida ɗaya, ya san wannan labari, domin Inna ba ta gajiya da bayar da shi. In aka yi baƙo za ta ba shi, in aka yi suna za ta ba matan da suka zo, in kuma ba kowa sai mu, mu ma ba mu tsira ba.

Ga yadda take faɗa. Mahaifinmu ya riga ta zuwa, ya kama sana'ar goro, ya bar ta a Yamai wurin dangi da yayana yana jariri. A lokacin akwai wani jirgin sama da ke kawo nama daga arewa, ya koma da goro. Da damina ta kankama hanya ta lalace, ga jaririn ba ya jin daɗi, sai mahaifinmu ya roƙi mutanen da yake ba wa goro suka sama mata wuri a jirgin. Abiyo take ce masa, irin faɗar mutanen Nijar. Ta ce farin ƙarfe ne fes kamar sabuwar tasa, yana zaune a kan jelarsa hanci sama, har in ka shiga ta ƙofar baya sai ka yi hawa kamar mai hawan tudu kafin ka kai wurin zama. Ta zauna a wani benci na tamfol a jikin bango, gabanta nama ne jibge an rufe shi da farin ƙyalle. Farfela biyu gare shi, ɗaya a kowane fiffike. Sun yi nisa, ƙasa ta koma kore shar, sai injin dama ya yi tari, ya yi hayaƙi, farfelarsa ta tsaya cik. Wani Bature ya fito daga ɗakin matuƙa da gutsuren burodi a hannu, ya leƙa ta taga, ya gama tauna abin da ke bakinsa, ya koma. Jirgi kuma ya ci gaba da tafiya da farfela ɗaya har ya sauke su lafiya.

Mu dai ba mu taɓa yarda ba. Ba ma faɗa a gabanta, amma a tsakaninmu mun ɗauka irin gishirin nan ne da labari ke samu in ya daɗe a baki. Yayana yakan ce ai da shi aka yi tafiyar, kuma bai ga komai ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa gaskata ta ba, bai kuma taɓa ƙaryata ta ba. Abin da ya sani kawai, in ji shi, jirgin ya yi latti, masu nama suna ta faɗa.

Ni na girma na bar Treichville, na buɗe shago a Adjamé, wajen Bracodi, ina sayar da fanka da kayan gyaranta. Gidana yana Saint-Michel, tafiyar ƙafa ce. 'Yata ta fari sunan Inna ta ci, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Mamana nake ce mata, Inna kuwa takwara take ce mata. Tun tana ƙarama ba a ajiye mata rediyo ko agogo ta bar shi yadda ta same shi. Da ta gama sakandare ta shiga babbar makarantar koyon aikin injiniya, ba wanda ya yi mamaki. Abu ɗaya ne ke damuna da ita. Kamar yawancin yaran da aka haifa a nan, Faransanci ne harshenta. In na yi mata Hausa tana ji, amma da Faransanci za ta amsa. Inna kuma Hausa da Julanci, yaren kasuwar garin nan, kawai take yi. In muka je gaisuwa, 'yata za ta durƙusa ta ce ina kwana, ta ce lafiya lau, shi ke nan kayanta sun ƙare, sai ta koma gefe ta kama waya.

Wata ƙaramar salla muka je Treichville gaba ɗayanmu. Bayan an ci abinci Inna ta sami sabuwar mai sauraro, matar wani ɗan haya da bai daɗe da tarewa ba, ta ɗauko labarin abiyo daga farko. Ni ina gyangyaɗi. Da ta iso wurin da farfela ta tsaya, sai na ji 'yata ta taɓa ni, ta ce in tambayar mata kaka, da farfelar ta tsaya, yaya fuka-fukanta suka kasance. Na tambaya. Inna ta ɗaga tafin hannunta ta nuna mana shi a buɗe, sannan ta murɗa shi a hankali har ya koma gefe, sai kaifin hannun kawai muke gani.

Ta ce, "Haka suka juya, kamar an tsayar da wuƙa."

'Yata ta ajiye wayar a kan tabarma. Ta dube ni ta ce da Faransanci, "Papa, gaskiya take faɗi."

A cikin woro-woro, tasin haɗakar da muka shiga zuwa gida, ta yi mini bayani tun daga gadar da ake hayewa in an bar Treichville har Adjamé. Ta ce in injin jirgi ya mutu a sama, matuƙi yakan juya fuka-fukan farfelar su fuskanci iska da kaifinsu, don kada su zama birki. Wanda bai gani da idonsa ba, kuma bai yi karatun abin ba, ba zai ƙirƙiro wannan ba. Ta ce irin jirgin da kaka ta shiga, dama don wannan ranar aka ƙera shi. Kafin shi jiragen fasinja inji uku ake sa musu, domin ba a amince wa biyu ba, fukafukansu kuma na katako ne, danshi na cinye su ta ciki ba a sani ba. Da aka nemi sabon jirgi na ƙarfe zalla, sai masu zanen suka ce su biyu za su sa, masu ƙarfi. Masu saye suka ce sun yarda, da sharaɗin in ɗaya ya mutu, ɗayan ya iya ɗaukar jirgin da kayansa ya haye duwatsu. A kan wannan sharaɗi aka zana komai: faɗin fiffike, girman jela, nisan injin daga jikin jirgi. Ta ce na farkon da suka ƙera siriri ne, suka ƙara masa tsawo, daga baya suka faɗaɗa cikinsa, sannan aka sami wanda ya cika duniya, har tsofaffinsa suka gangaro ƙasashenmu suna dakon nama da goro.

Na ji kunya kaɗan, na ji daɗi da yawa. Matar da ke zaune kusa da mu ma ta daina latsa wayarta tana saurare.

Shekarar ita ce ta ƙarshe a karatunta, kuma kowane ɗalibi sai ya ƙera wani abu da hannunsa ya kare shi a gaban malamai. Ba a yi mako ba ta zo shago ta ce ta zaɓi nata. Za ta zana ƙaramin irin wannan jirgi, wanda ake tuƙawa daga ƙasa da telekomand, wato rimot, faɗin fukafukansa ya ɗan fi buɗewar hannuwan babban mutum, kuma za ta nuna yana iya tafiya in an kashe masa inji ɗaya. Malaminta ya yarda, amma ya gaya mata ta ɗauko babban kaya, yawancin masu irin wannan wasa ma gudun inji biyu suke yi.

Da labari ya kai wa Inna, sai ta aiko cewa in dai abiyonta ne za a yi, to a gabanta za a yi shi. Matata ta fi kowa murna da wannan hukunci, domin takardun zane sun riga sun cinye mata falo. Haka barandar Inna ta zama wurin aiki. Duk Asabar da Lahadi 'yata takan tashi da sassafe ta haye gada da jakarta, wani lokaci in bi ta in shago ya yi sanyi.

Kayan aikin daga nan da can muka tattaro su. Wani kafinta a bayan kasuwar Treichville ya yanka mata katakon rimi falle-falle, marar nauyi kamar ɓawon rake. Farin soson da ake cusa wa firji a kwali kuwa, Adjamé ba ta rasa shi. Injinan ne ba a samu a gari. Maƙwabcin shagona, wani Alhaji Bakano mai shigo da wayoyi daga Sin, shi ya sa aka haɗo su cikin kayansa, guda biyu, kowanne bai fi ƙwan kaza ba, da farfelu da batir. Da ya kawo ya juya ɗaya a tafin hannunsa ya ce shi dai bai ga yadda wannan abu zai ɗaga ko da kaza ba, amma Allah ya ba da sa'a.

Abin da na fi tunawa a watannin nan shi ne hirar da ake yi a barandar. Inna ba ta iya kallon aiki ta yi shiru. Kome 'yata ta ɗauka sai ta tambayi mene ne, kuma ba kullum nake nan in yi tafinta ba. Dole takwara ta nemo Hausa inda take. Siraran katakan da ake jerawa a cikin fiffike, ta rasa sunansu, ta nuna gefen ƙirjinta, Inna ta ce haƙarƙari. Doguwar sandar da ta ratsa su ta zama ƙashin baya. Da aka zo lulluɓe fiffiken da yadi, Inna ta ce ai wannan fata ce. Wata rana na iso na tarar suna musu sosai a kan labule. Inna ta dage tagogin abiyonta akwai ƙananan labulaye shuɗɗa, 'yata ta nuna mata hotuna a waya, jiragen kaya ba su da labule. Inna ta ce waɗannan ba nata ba ne. A ƙarshe ita da kanta ta yanko ƙyalle daga tsohon ɗankwali, ta ɗinka su ƙanana kamar farce, aka manna.

Na tsaya a bakin ƙofa ina jin 'yata tana cewa, cikin Hausa mai karkacewa, "Kaka, nauyi ne. Kowane abu nauyi ne." Inna ta ce labule ba ya hana jirgi tashi.

Gwajin farko a filin ƙwallon wata makarantar firamare muka yi shi, ranar Lahadi, ba ɗalibai. Jirgin ya yi kyau, an shafe shi da fenti ruwan azurfa, yana zaune a kan jela hanci sama kamar yadda Inna ta faɗa. Ya ruga a ƙasa, ya ɗaga, sai hancin ya ci gaba da miƙewa sama har ya tsaya a iska kamar mai tunani, ya dawo da baya ya zauna daɓas. 'Yata ba ta damu sosai ba. Ta ce jelar ta yi nauyi, fentin ma ya ƙara. Ta kankare, ta huda ramuka a katakan baya, ta matsar da batir gaba, ta riƙa ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike har ya daidaita.

Gwaji na biyu shi ne ya yi mana ciwo, domin ya fara da daɗi. Jirgin ya tashi sumul, ya zaga filin, yaran unguwa suka hau katanga suna ihu. Ni kaina na ji ƙwalla. Sai ta ce za ta gwada abin da aka zo yi, ta kashe injin dama. Kafin in ƙifta ido jirgin ya juya kai wajen injin da ya mutu, fiffiken wannan gefen ya faɗi, ya wulwula ya daki katangar makarantar. Fiffike ɗaya ya karye biyu, hancin ya murƙushe. Muka tsince shi cikin buhu. Inna ba ta zo filin ba ranar, ƙafarta na ciwo, sai buhun ta gani.

Malamin ya yi mata kirki. Ya ce lissafinta daidai ne, jirgin ya tashi da inji biyu kowa ya gani a bidiyo, wannan ya isa ta ci jarrabawa, ta rubuta dalilin faɗuwar kawai. Ta karɓi shawarar. Ta koma ɗaki tana rubutu, ta daina zuwa Treichville. Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. In na yi mata maganar sai ta ce aiki ya yi mata yawa. Na san ba aiki ba ne, amma a raina ina ganin wataƙila malamin ya fi mu gaskiya.

Wata ranar Laraba da hantsi ina shago ina naɗa wayar wata fanka, sai na ga tasi ya tsaya a bakin layi, inda ba a tsayawa, masu gbaka, ƙananan bas ɗin haya, suna ta danna masa oda. Inna ce ta fito, da sandarta, da wani dogon ƙunshi a zani. Inna da takan yi shekara ba ta haye gada ba. Na ruga na tare ta. Ta ce ba wurina ta zo ba, in kira mata takwara.

Da 'yata ta iso ta durƙusa ta gaishe ta, Inna ta kwance ƙunshin a kan teburin shago. Karyayyen fiffiken ne. Ta ce ya tare mata wuri a baranda, ita kuma ba ta iya zubar da abin da ta ga wahalar da aka sha a kansa, don haka ta kawo wa mai shi ta zubar da hannunta. 'Yata ta sunkuyar da kai. Can sai ta tambaye ta, da Hausa, ranar da injin ya mutu, ta wane gefe jirgin ya karkata, kuma ya daɗe a karkace ko ya miƙe.

Inna ta ce, "Ni ina na sani? Ina ganin Baturen nan ya koma na rufe idona na kama salati. Ban buɗe ba sai da na ji ƙafarsa a ƙasa."

Shekara da shekaru tana ba da labarin nan, ba ta taɓa faɗin wannan ba. Na fashe da dariya, 'yata ma ta kasa riƙewa, har Alhaji ya leƙo daga shagonsa. Da dariyar ta lafa Inna ta tambaye ta, su waɗanda suka ƙera babban, tashi ɗaya suka dace? 'Yata ta ce a'a. Nasu ma ya ba su wahala a gwaji, injinan sun yi ta ɗaukewa, daga baya ma sai da suka sake jelar suka ƙara mata girma.

Inna ta ce, "To ke kin fi su ne?"

Ba ta jira amsa ba, ta ce a nemo mata garba, wato dambun rogo da soyayyen kifi, ta ji ana yabon na Bracodi, kuma kada a cika barkono.

A wannan karon 'yata ta ce ba za ta ƙara jefa jirgi sama tana fata ba, sai ta ga abin da iska ke yi masa tun yana ƙasa. A makarantarsu akwai na'urar gwada wannan, amma ƙarama ce, jirgin ba ya shiga. Nan ne ni ma na sami abin yi. Ranar wata Lahadi na fitar da manyan fankokin da ke shago, irin na gidan biki, na jera su a bakin ƙofa, biyu a ƙasa biyu a kan benci. Ta haɗa kwalaye ta yi musu wani akwati mai ramuka kamar saƙar zuma don iskar ta miƙe. Muka rataye jirgin da aka gyara da igiya daga ƙarfen rumfa, ta manna gajerun zare ja a kan fukafukai da jela. Na kunna fankoki, takardun mai sayar da burodi na maƙwabta suka tashi sama, muka ba shi haƙuri.

Da injina biyu suna aiki, jirgin ya tsaya kyam yana fuskantar iska, zaren duk sun kwanta. Ta kashe na dama, sai ga shi a gabanmu ƙarara, a hankali, abin da ya faru a filin makaranta cikin ƙiftawar ido: injin hagu yana jan gefensa gaba, hanci yana karkata dama, ta murɗa jela iya murɗawa amma jelar ba ta da ƙarfin dawo da shi. Zaren da ke kanta suka rikice suna rawa. Ga farfelar da ta mutu kuma iska na juya ta, tana ƙara riƙe wannan gefen.

Ta yanko kwali ta manna wa jelar da salatif, ta ƙara mata tsawo. Muka sake. Ya ɗan yi sauƙi. Ta ƙara wani. Mutane suka taru, masu turin kaya da mata masu dawowa daga coci da yaran gbaka, kowa da shawararsa. Wani ya ce a ƙara inji na uku a hanci a huta, 'yata ta ce masa da Faransancin titi ai daga can aka taso. Kafin la'asar mun ga jirgin ya tsaya da inji ɗaya, hancinsa a miƙe, yana ɗan jingina wajen injin mai rai. Wani dattijo da ya tsaya tun azahar ya tafa hannu shi kaɗai, ya ɗauki ledarsa ya tafi.

Sauran aikin a barandar Inna aka ƙarasa shi. Ta sassaƙa sabuwar jela da katakon rimi daidai girman kwalin, ta sake fiffike, ta matso da injinan kusa da jiki gwargwadon yadda farfela za ta bari, ta ɗan karkata bakin kowanne waje. Juya fuka-fukan farfela irin na babban jirgi ba ya yiwuwa a ƙaramin abu haka, sai ta saita injin yadda in an kashe shi zai riƙe farfelar ta tsaya cik maimakon iska ta yi ta juya ta. Inna ta duba sabuwar jelar ta ce ta yi girma, abiyonta ba haka yake ba. 'Yata ta ce ƙaramin jirgi ba ya samun iska yadda babba ke samu, dole a ƙara masa. Inna ta ce to, amma ya zama kamar zakara.

Filin makaranta ya yi ƙanƙanta ga gwajin ƙarshe. Wani abokin karatunta ya san wani fili mai yashi a hanyar Bassam, bayan an wuce gidaje, inda ba waya ba bishiya sai kwakwa daga nesa. Muka yi sammako zuwa Gare de Bassam, tashar motocin da ke bin wannan hanya. Direban ya so ya ɗaure jirgin a saman mota tare da buhunan wasu, 'yata ta ƙi. Muka cire fiffiken, muka shimfiɗa shi a kan cinyoyinmu mu uku a kujerar baya, Inna a tsakiya, gangar jikin kuma matata ta rungume ta a gaba kamar jariri. Malamin da wasu ɗalibai suka same mu a can.

Iskar teku ba ta riga ta tashi ba. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma, ta ƙi zama, ta dogara da sandarta. 'Yata ta haɗa jirgin, ta gwada kowane abu sau biyu. Ta yi bismilla, ta tura. Ya ruga a kan busasshen wuri, jela ta ɗaga, sai ga haske tsakanin ƙafafunsa da ƙasa. Ta bar shi ya hau sosai, ya fi na ranar nan nisa, ya zaga sau ɗaya yana walƙiya a rana. Ba ta ɗauke ido daga kansa ba ta ce, "Kaka, wanne zan kashe?"

Inna ta ce, "Na dama."

Ƙarar ta ragu rabi. Na ga hancin ya fizga dama, sai jelar ta kama shi ta dawo da shi. Ya ɗan jingina hagu, ya rage gudu, ya ci gaba da tafiya. Daga inda muke ana iya ganin farfela ɗaya a tsaye, ɗayar ta zama inuwa. Ta kai shi har ƙarshen filin, ta juyo da shi a hankali ta gefen injin mai rai, da faɗi sosai, ta kawo shi ya wuce ta saman kanmu. Ta sake zagawa da shi, sannan ta fara saukowa. A wajen sauka ƙafa ɗaya ta nutse a yashi ta ɓalle, jirgin ya juya ya tsaya da hanci a ƙasa, amma ba abin da ya same shi bayan wannan.

Ɗaliban suka ruga wurinsa. Malamin ya miƙa wa 'yata hannu, ya ce ya ji daɗi da ba ta bi shawararsa ba. Matata tana ta share ido da gefen mayafi. Ni Inna nake kallo. Ta daɗe tana duban wurin da jirgin ya bi, ko da yake ba komai a can yanzu. Da 'yata ta zo ta tsuguna a gabanta, sai ta dafa kanta ta ce nata abiyon ya fi wannan ƙara nesa ba kusa ba, wannan kukan sauro yake yi. Sannan ta ce, "Ashe haka muka kasance a sama, mutanen ƙasa suna kallonmu. Allah ya yi miki albarka, takwara."

'Yata ta ci jarrabawarta da yabo. Yanzu tana aiki da wasu matasa da ke haɗa ƙananan jirage masu ɗaukar hoton gonakin koko da roba a cikin ƙasa, takan yi mako a daji ta dawo baƙa ƙirin da cizon ƙwari, tana murna. Tana kuma zana wani da take so wata rana ya riƙa kai magani ƙauyukan da ke ƙetaren ruwa. Ban fahimci rabin abin da take nuna mini ba, amma ina kallo.

A ranar gwajin dai, da muka gama tattara kaya, Inna ta ce ba za ta shiga mota ba tukuna. Tana jin ƙugin teku a bayan itatuwan kwakwa, ta ce a kai ta. Duk zamanta a garin nan, ta ce, daga nesa take hango shi, mahaifinmu ba ya son ruwa, ita kuma ba ta taɓa samun wanda ta ce wa ya raka ta ba. Muka riƙe ta ni da 'yata, ɗaya a kowane gefe, muka taka yashin a hankali. Masunta suna jan koma suna waƙa, mata na jira da manyan robobi. Ta cire takalmanta ta ba matata, ta matsa har inda yashi ke da laima. Igiyar ruwa ta zo ta rufe mata idon sawu ta jiƙa bakin zaninta, ta ja da baya tana dariya, ta ce sanyi gare shi. Ta tsaya aka sake yi mata sau biyu. Sannan ta aike ni wurin matan in zaɓo kifi mai kyau, ta ce yau ita za ta yi mana miya da kanta, mu yi sauri kafin rana ta yi zafi.